Kansa A Tsakanin Baƙi: Me Ya Sa Take Cin Wasu Fiye Da Wasu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni aikina tafinta ne a asibiti a birnin New York, ina tsayawa tsakanin likita da mara lafiyan da Turanci bai zauna masa ba, wani lokacin ina cikin ɗakin wani lokacin ta waya ake kirana. Toh da yake an san aikin da nake yi, kusan duk taron da na je a Bronx, suna ne ko ɗaurin aure ko bayan an idar da Juma'a, sai wani ya ja hannuna gefe ya rage murya ya ce Malam don Allah ina da tambaya, kuma sau da yawa akan ciwon daji ne, wato kansa ko sankara. Tambayoyin sai maimaita kansu suke yi, shi yasa na tara su waje ɗaya. Magani dai yana hannun likita, nawa bayani ne da kuma abin da idona ya gani.

Wai gaskiya ne mu baƙi mun fi 'yan ƙasa mutuwa da kansa?

In aka yi wa dukkan nau'o'in kansa kuɗin goro, a'a, akasin haka ma aka fi gani. A Amurka da Kanada da Ingila an daɗe da lura cewa wanda aka haifa a waje ya shigo, galibi bai kai ɗan ƙasa mutuwa da kansa ba. Tun 1986 wasu masu bincike biyu, Kyriakos Markides da Jeannine Coreil, suka rubuta akan abin da ya ɗaure musu kai game da 'yan asalin Mekziko a kudu maso yammacin Amurka, ga talauci ga ƙarancin karatu, amma lafiyarsu ta fi kusa da ta Turawa akan ta baƙaƙen Amurka da suke fama da talauci iri ɗaya. A Ingila ma binciken da ƙungiyar Cancer Research UK ta fitar a 2022 ya nuna kamuwa da kansa a 'yan asalin Asiya ya yi ƙasa da na Turawa da kashi 38 cikin 100, na baƙar fata kuma da kashi 4.

Dalilin ba wani ɓoyayye bane. Majinyaci bai cika ƙetare teku ba, mai ƙarfi a jika ne ke fitowa nema. Sannan yawancinmu ba mu taso da sigari da giya ba musamman mata, ita kuwa kansar huhu ita ce kan gaba wajen kisa a duniya. Akwai kuma na uku wanda mu muka fi masu binciken saninsa, in ciwo ya ci ƙarfin mutum sai ya ce a kai ni gida, a yi karo-karo a masallaci a yanki tikiti, ya je ya cika a Kumasi ko Damagaram ko Kano. Wannan rasuwar ba ta shiga littafin Amurka ba, a lissafinsu har gobe yana da rai. Don haka kar wannan ƙididdigar ta sa mu saki jiki.

Toh in haka ne ina bambancin yake?

Yana wajen wace kansa ce, kuma wa take kamawa. Kowace al'umma da irin kayan da ta shigo da shi a jiki ba ta sani ba. 'Yan Koriya a Amurka kansar tumbi ce ta addabe su fiye da kowa, saboda wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori da ke zama a tumbi tun yarinta ga kuma abinci mai gishiri sosai, a can Koriya daga shekara 40 gwamnati na kiran mutum duk bayan shekara 2 a leƙa cikinsa da kyamara, amma in ya zo nan ba mai kiransa don ba a saba yi wa kowa wannan gwajin ba. Matan Biyetnam, a ƙididdigar 1988 zuwa 1992, kansar bakin mahaifa a cikinsu ta ninka ta matan Turawa sau 5. Mutanen kudancin Sin tasu ta can bayan hanci ce. 'Yan Bangaladash na gabashin Landan ta baki ce, saboda wani ganye da suke taunawa haɗe da taba yadda mu muke cin goro. Mu 'yan Afirka ta Yamma namu kason hanta ce, da furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara) a maza, da bakin mahaifa a mata.

Abin da ke rufe duk wannan shi ne fom ɗin asibiti. Akwati ɗaya ne aka rubuta baƙar fata, Bahaushen Maraɗi da ɗan Haiti da jikan waɗanda aka kawo bauta ɗaruruwan shekaru da suka wuce duk nan zasu sa alama. Sai da wani malami da ke jami'ar Miami, Paulo Pinheiro, ya bi takardun shaidar mutuwa yana duba ƙasar da aka haifi kowa, sannan ta fito fili cewa baƙaƙen da aka haifa a Amurka sun fi na Karebiyan da na Afirka mutuwa da kansa nesa ba kusa ba, musamman ta huhu.

Malam ba a jini abin yake ba? Ai gado ne

Jini yana da nasa kaso, ban ce babu ba. Amma ka ji labarin Japanawa. A ƙasarsu kansar tumbi ta yi yawa, ta hanji da ta mama kuma ba yawa. Da suka yi ƙaura zuwa Hawai da Kalifoniya sai abin ya fara juyawa, William Haenszel da Minoru Kurihara suka bi diddigi suka wallafa a 1968, ta tumbi tana raguwa daga iyaye zuwa 'ya'ya, ta hanji kuma tana hawa tana neman kamo ta Turawa. Jinin mutum ai ba ya canzawa don ya hau jirgi, abin da ke cikin tukunya ne ya canza da yanayin zama.

Ka kuma raba abu biyu a ranka, kamuwa daban mutuwa daban. Baƙaƙen maza a Amurka mutuwarsu da kansar furostet ta kai ninki biyu na Turawa, an daɗe ana cewa ai tasu ce ta fi zafi. Sai a 2019 aka fitar da wani babban bincike a mujallar JAMA Oncology, aka duba tsofaffin sojoji waɗanda asibitinsu ɗaya, likitocinsu ɗaya, ba maganar wa ke da inshora wa ba shi da ita, aka tarar in an kama ciwon a mataki ɗaya baƙi bai fi Bature mutuwa ba. Haka matan baƙaƙen Amurka, kansar mama ba ta kama su kamar yadda take kama Turawa ba, ta ɗan yi ƙasa ma, amma mutuwarsu ta fi da kusan kashi 40 cikin 100. A ganina babban abin da ke tsakanin kamuwa da mutuwa lokaci ne, yaushe aka gano, yaushe aka fara magani, an kai ƙarshensa ko an yanke a hanya. Duk sauran tambayoyin nan akan lokacin nan suke.

Me ya haɗa mu da kansar hanta, mu da ba ma shan giya?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya karanta ko da zai tsallake sauran.

Har yau ina tuna wani bawan Allah direban tasi, bai cika shekara 40 ba, ya zo cikinsa a kumbure idonsa ya yi rawaya, ya yi watanni yana shan maganin shawara da aka aiko masa daga gida a leda. Likita ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna masa hoton hantarsa, ya ce in tambaye shi ko an taɓa gaya masa yana da ciwon hanta nau'in B. Ya dube ni ya ce Malam ni ko ciwon kai bana yi. Da aka gama bayani, abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne ko zai iya komawa aiki ranar Litinin don bai tura kuɗin makarantar yara ba. Na juya maganar zuwa Turanci yadda ya faɗe ta, muka yi shiru mu uku.

Wannan ƙwayar cutar tana iya zama a jikin mutum shekara 20, 30 ba zazzaɓi ba ciwo, tana cin hanta a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, miliyan 65 a Afirka. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna da ita, kaga kusan duk sahun sallah mai mutum 12 akwai ɗaya kenan. Mafi yawanmu tun muna ƙanana muka ɗauka, ko wajen haihuwa daga uwa, ko tsakanin yara a gida ta ƙuraje da raunuka, ko askar wanzami ɗaya da ta bi yara da yawa wajen kaciya da cire beli da tsaga. Kuma nan ne matsalar take, babba in ya kamu yawanci jikinsa na korarta, amma jariri in ya kamu kusan 9 cikin 10 ta zauna kenan. Najeriya sai 2004 ta sa allurar rigakafinta cikin alluran yara, toh duk wanda aka haifa kafin nan ya lissafa da kansa. Ƙari akan haka akwai gubar da ke fita daga gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, in ta haɗu da wannan cutar haɗarin kansa ninkuwa yake yi sosai, shi yasa ɗan Afirka ke samun kansar hanta yana matashi a shekarun da Bature bai ma fara tunaninta ba.

Gwajin jini ne kawai, ƙaramar kwalba ɗaya. Tun Maris 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce duk babba a Amurka ya yi shi ko sau ɗaya ne a rayuwa. In ba ka da ita a yi maka rigakafi shikenan. In kana da ita akwai ƙwayoyi irin su tenofovir da entecavir da ke danne ta, kuma za a riƙa yi maka hoton ciki duk wata 6 don in wani abu ya tsiro a kama shi yana ƙarami a cire. Matarka da yara da 'yan ɗakinku su ma su yi gwaji. Mai ciki kuma a tabbatar jariri ya samu allura cikin awa 24 da haihuwa. Sannan don Allah a daina ware wa mai ita kwano, ba a ɗaukarta ta zufa ko cin abinci tare ko gaisawa.

Ba ni da takardu, ba ni da inshora. Wa zai kula ni?

Anan ne dokar ƙasa ke shiga cikin jikin mutum. A Amurka dokar 1996 ta sa ko mai koren kati ma yawanci sai ya shekara 5 kafin ya cancanci Medicaid ta tarayya, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, dokar inshora ta 2010 da ake kira Obamacare kuma ta bar marasa takardu a waje. Abin da ya rage wa kowa shi ne dokar 1986 da ta hana sashen imajensi korar wanda ya zo a galabaice. Toh ka duba abin da wannan ke haifarwa, ba a hana ka gado ranar da ka faɗi ba, amma ƙaramin gwajin da zai hana ka faɗuwar shi ne ba ka da hanyarsa. Kansar da aka gano a imajensi kuwa sau da yawa ta riga ta yi nisa.

Amma ƙofofi suna nan, mutane ne ba su san su ba. Birnin New York ya fara shirin NYC Care a 2019, a Bronx ma aka fara, don waɗanda ba su da inshora ko ma mene ne matsayin takardunsu. Jihar New York tana da shirin gwajin kansar mama da bakin mahaifa da hanji kyauta ga marasa inshora. Akwai kuma ƙananan asibitocin unguwa da ke karɓar kuɗi daidai ƙarfin aljihunka. Na san tsoron da ke ran mutane akan bada suna da adireshi, tsoro ne na gaske kuma dokoki na yawan canzawa, don haka a je wajen lauyoyin ƙungiyoyin baƙi masu bada shawara kyauta a ji halin da ake ciki, ya fi a zauna a ɗaki ana jin ƙullutu yana girma.

'Yan'uwa na Ingila, rajista da likitan unguwa kyauta ce ga kowa ba sai da takarda ba, matsalar tana babban asibiti, tun 2017 ake neman kuɗi kafin magani daga wanda ba a tabbatar da zamansa ba. A badaƙalar Windrush ta 2018, inda aka ɗauki 'yan Karebiyan da suka daɗe a Ingila a matsayin marasa takardu, duniya ta ji labarin wani dattijo ɗan asalin Jamaika da ya shekara 44 a ƙasar, aka ce sai ya kawo fam 54,000 kafin a yi masa maganin kansar furostet don ya kasa nuna takarda. Masu biza kuma suna biyan kuɗin lafiya fam 1,035 a shekara tun Fabrairu 2024, toh wanda ya biya wannan ya riga ya biya, ya je a duba shi. A Faransa akwai AME, tallafin lafiya na gwamnati, ga mara takardu mai ƙaramin ƙarfi da ya wuce wata 3 a ƙasar.

Wai talauci shi kansa yana kashe mai kansa? Ta yaya?

Ta hanyar ƙananan abubuwa. Mai tasi ko mai kai saƙon abinci a keke in bai fita ba ranar ba ko sisi. Hajiyar da ke kitso a Harlem ko mai kula da tsofaffi a gidajensu, in ta ce za ta asibiti wata ce zata karɓe shifti ɗin. Ga haya, ga 'yan gida suna jiran alat. Sai a ɗaga ranar ganin likita sau ɗaya, sau biyu, wata 8 ya wuce. In an fara gashi, wato ƙona kansar da hasken inji, kuma kullum ne Litinin zuwa Juma'a na makonni, wa zai kai ka, wa zai ɗauko yara a makaranta.

Wani likitan tiyata a asibitin Harlem, Harold Freeman, shi ya nuna wa duniya cewa wannan abin yana gyaruwa. Ya duba matan da suka zo da kansar mama daga 1964 zuwa 1986, kusan rabi sun zo a makare, kashi 39 cikin 100 ne kawai ke kai shekara 5 da rai. Sai aka samar da gwaji kyauta ko da rahusa, a 1990 kuma ya ƙirƙiro aikin ɗan rakiya, mutum ne daga cikin unguwa da aikinsa kawai ya riƙe hannun mara lafiya, ya cike mata fom, ya tuna mata rana, ya nemo mata mota, ya kira ta in ba a gan ta ba. Daga 1995 zuwa 2000 masu kai shekara 5 suka koma kashi 70. Unguwa ɗaya ce, mutanen su ne dai. Jihar Delaware ma ta yi irin haka akan kansar hanji, ta ɗauki nauyin gwaji da magani ga marasa inshora, zuwa 2009 baƙaƙen da ke yin gwaji suka tashi daga kashi 48 zuwa 74 suka kamo Turawa, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 42. In an ce kana da kansa, ka tambaya ko asibitin na da irin wannan ɗan rakiyar, da yawa suna da shi yanzu.

Ɗana yana jin Turanci, meye na kiran tafinta ya ji sirrina?

Hajiya, yaro ɗan shekara 12 ba zai iya buɗe baki ya gaya wa likita cewa mahaifiyarsa na ganin jini bayan kwanciya ba, ke ma ba za ki faɗa a gabansa ba, sai ki ce mara ce ke ɗan ciwo a ba ki maganin kashe zafi ki tafi. Na taɓa tarar da wata baiwar Allah da ta yi wata 4 hankalinta kwance, saboda yarinyarta ta karanta mata takarda ta ga an rubuta fozitib, ita a makaranta an koya mata kalmar na nufin abu mai kyau, ta ce Mama lafiya lau ne. A harshen asibiti kuwa nufinsa an ga abin da ake nema. Duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya a Amurka dole ne ya samo miki tafinta kyauta, wannan ya samo asali ne daga dokar 'yancin jama'a ta 1964. Mu ma an ɗaure mu da dokar riƙe sirri. In kina tsoron a kira wanda kika sani a unguwa, ki ce ta waya kike so, ki ce mace kike so.

Ni matar aure ce, ban san kowa ba sai mijina. Me zai kai ni gwajin bakin mahaifa?

Ƙwayar HPV da ke jawo wannan kansar ta yaɗu ne har kusan duk wanda ya yi aure zai iya haɗuwa da ita a rayuwa, tana iya kwanciya shekaru ba a sani ba, samunta ba shaidar an yi wani abin kunya bane, maza ku ji wannan da kyau kafin ku zargi kowa. Kuma cikin dukkan kansa ita ce wadda aka fi iya tarewa, don gwaji yana kama ta tun kafin ta zama kansa a goge wajen a wuce. Inda duk ka ga tana kashe mata, a unguwar 'yan Haiti ta Miami ne ko a ƙauyukanmu, zaka tarar gwajin ne bai kai gare su ba.

Kunyar buɗe jiki gaskiya ce, ina ganinta kullum. Ki nemi likita mace ko nas, haƙƙinki ne. Yanzu ma akwai wanda mace ke ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga a bayan labule, Holan ta fara tun 2017, Ostireliya ta buɗe wa kowa a 2022, Amurka ta amince da shi a asibiti a 2024. 'Yan mata kuma a yi musu rigakafi, Najeriya ta fara yi wa masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoba 2023. Maganar wai yana hana haihuwa ba ta da tushe, tun 2006 ake yinsa a duniya, waɗanda aka yi wa a farko yau ga su da goyo.

Hoton mama kuma a Amurka daga shekara 40 ne duk bayan shekara 2. A Ingila wasiƙa ce ke zuwa gida daga shekara 50, kar a haɗa ta da takardun talla a zuba a shara. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke jami'ar Chicago, ta yi shekaru tana nuna cewa matan Afirka ta Yamma sun fi samun nau'in da ke zuwa da wuri kuma yake saurin yaɗuwa, saboda haka ƙullutu a mama ko a hammata ba a jira shekara ta kai, ko kina shayarwa ki je a duba. Iyayenmu mata da al'ada ta ɗauke musu kuma, in jini ya dawo ko ɗigo ɗaya ne a tafi asibiti.

Mu maza fa? Ni wannan gwajin na yatsa ba zan yarda ba

Alhaji gwajin farko na jini ne, sunansa PSA, a hannu ake ɗiba. Furostet wani ƙulli ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma kansarsa a farko ba ta nuna alama. A Ingila baƙin namiji 1 cikin 4 zai same ta a rayuwarsa, Bature 1 cikin 8, shi yasa ake ce mana mu fara magana da likita daga shekara 45, in mahaifi ko wa ko ƙane ya yi ta ma a fara da wuri. Na san ainihin tsoron shi ne kar magani ya taɓa ƙarfin namiji, yana iya taɓawa, amma wadda aka kama da wuri wani lokacin ma sa ido kawai ake yi ba tiyata ba gashi, zaɓi ya fi yawa.

Sai maganar basir. Wallahi kalmar nan ta binne mutane, duk jinin da aka gani a bahaya basir ne, duk rama basir ne, a yi ta shan jiƙo. Wani lokacin basir ɗin ne, wani lokacin kansar hanji ce, ido ba ya rabewa. A 2021 Amurka ta saukar da shekarun fara gwajin hanji daga 50 zuwa 45 saboda matasa na ta kamuwa, ɗan wasan fim ɗin nan Chadwick Boseman yana da shekara 43 ta ɗauke shi a 2020. Akwai gwajin da a gida zaka yi ka tura ta gidan waya.

An ce daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya watsu

Na fahimci inda wannan maganar ta samo asali. Mutum ya zaga wajen masu magani shekara biyu, ana cewa jifa ne ko sammu, sai da abin ya fashe aka kai shi asibiti, aka yi aiki, bayan wata biyu ya rasu, sai 'yan'uwa su ce ƙarfe ne. Ciwon ya riga ya bazu tun kafin ya ga ƙofar asibiti. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke suna nan cikinmu, a sahu ɗaya muke sallah, sun dai ɓoye ne saboda gudun baki, shi yasa labarin waɗanda suka mutu kaɗai muke ji. Da ma ɗaya daga cikinsu zai daure ya tashi a taron mata ko a masallaci ya ce ni an yi min ga ni, da ya fi duk abin da na rubuta anan tasiri.

Addu'a da rubutu da zamzam ba wanda ya hana, a haɗa da asibiti, Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Amma duk saiwa ko garin da kake sha ka nuna wa likita, wasu na wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da kimo, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake sa wa a jini ko a sha, ke buƙatarsu.

'Yan'uwa sun ce kar a gaya wa Baba abin da ke damunsa, za ka iya sassauta fassarar?

Ba zan iya ba, amana ce, abin da likita ya faɗa shi zan faɗa. Abin da za a iya yi shi ne tun farko a tambayi Baba da kansa, kana so a gaya maka komai ko a yi magana da babban ɗanka, in ya zaɓi na biyu likitoci na mutunta hakan. Dattijo yana da bashi da wasiyya da neman gafara da yake so ya yi da bakinsa.

Yaranmu da aka haifa anan su sun tsira kenan?

Daga wasu sun tsira, an yi musu rigakafin hanta tun suna jarirai. Amma abin da ya samu jikokin Japanawa yana jiran namu, lemon kwalba da soye-soye da zaman waje ɗaya da ƙiba, waɗannan ke jawo ta hanji da ta mama da ta mahaifa. Ga shisha da matasanmu suka ɗauka ba taba bace don tana ƙamshin tuffa, taba ce, ruwan nan ba ya kawar da gubarta. Kuma ku gaya musu tarihin gida, in kaka ta rasu da ciwon nono ko kawu da kumburin ciki a faɗa musu da sunansa, don likita zai tambaye su kuma amsar na canza shekarun da za a fara musu gwaji.

In an ce kansa ce, ba gara in koma gida in yi jinya cikin dangi ba?

Ya danganta da inda ciwon ya kai. In likita ya ce an wuce maganin warkewa sai na rage raɗaɗi, son mutum ya cika a ɗakinsa cikin 'yan'uwansa abu ne da ba mai ja da shi, sai dai a tambaya ko jiki zai ɗauki jirgi kuma a yi da wuri kar a jira sai ya kasa zama. Amma in akwai fatan warkewa ka yi tunani sosai kafin ka yanke magani a tsakiya. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon na 2022 ya nuna Najeriya ta samu sabbin masu kansa kusan 127,000 a shekarar, kusan 79,000 suka rasu, injinan gashi 'yan kaɗan ne ga mutum sama da miliyan 200 kuma yawancin kuɗin daga aljihu ne. Nijar sai 2021 ta buɗe wajen gashinta na farko a Yamai. Akwai ƙwararrun likitoci a gida, kayan aiki da layi ne matsalar.

Wanda ya yanke shawarar tafiya, ya karɓi takardar sakamakon naman da aka gwada, da faifan hotunan da aka yi masa, da jerin sunayen magunguna da ranakun da aka ba shi kimo da adadinsa. Ya ɗauki hotonsu duka a waya ya tura wa mutum biyu. Maganin zafi mai ƙarfi kuma a nemi wasiƙar likita akansa saboda filin jirgi, a sa shi a jakar hannu kar a sa a akwatin da za a auna.